Ɗan aike ya bar kayana a maƙwabta, na tarar sun fashe

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce a Kano. Ƙanwata za a aurar nan da wata guda, sai na ce gudunmawata setin tangaran na cin abinci da injin markaɗe. Na saya wajen wata mai kayan kicin a Legas da na gani a Instagram, na tura mata naira 210,000 har da kuɗin kawowa, ita kuma ta zaɓi kamfanin da zai kawo. Ranar da kayan suka iso ina aji, wayata tana jaka. Ɗan aiken ya kira sau biyu ban ɗauka ba, sai ya ƙwanƙwasa gidan da ke jikin namu ya ba maƙwabciyata, ta sa hannu. Da na dawo da la'asar yaranta suka ɗauko min kwalin. Ina buɗewa na ga fiye da rabin farantan sun fashe, kofin injin ya tsage, gindin kwalin kuma a jiƙe don an yi ruwa ranar. Raina ya ɓaci, na shiga na tambaye ta, kuma na san na ɗaga murya. Ta ce yadda aka ba ta haka ta ajiye a soro. Mai kaya ta ce lafiya ta sallame su, in nemi kamfani. Kamfani sun ce an sa hannu an karɓa, sun gama nasu. Maigidana ya ce in bar wa Allah. Yau kwana biyar maƙwabciyar da ƙyar take amsa gaisuwata, ta kuma hana yaranta shigowa. In ce ta biya ko rabi ne? Ko asarar tawa ce?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya mayar da alheri, ya nuna mana bikin lafiya.

Kada ki nemi ko sisin kwabo a hannun maƙwabciyarki, kuma kada ki yarda asarar ta kwana a kanki. Akwai waɗanda ya kamata su biya, su biyu ne, kuma kowannensu ya zame ya bar ki da matar da ba ta ci komai a cinikin ba, don kawai ita ce kike iya gani ido da ido. Ki duba inda kuɗinki ya tafi. Mai kaya ta ci ribarta. Kamfani ya karɓi kuɗin kawowa. Ita baiwar Allah tana cikin gidanta aka buga mata ƙofa, ta fito ta ga kwali da sunanki, ta yi abin da kowace maƙwabciyar kirki za ta yi. Da ta ce ba za ta karɓa ba, da yanzu wataƙila ƙorafin da kike kawo min shi ne ta ƙi taimakonki.

Abin da ta riƙe miki sunansa ajiya, kuma hukuncin ajiya tsoho ne a wajenmu, ba ciniki ta intanet ya zo da shi ba. A mazhabar Malikiyya da muke kai, wanda aka ba ajiya amintacce ne. Ba ya lamunce abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya taɓa abin ta hanyar da ba a ba shi izini ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ilimi ke karantawa a zaurukan Kano har gobe, an faɗa a sarari cewa idan mai ajiya ya ce abin ya salwanta, ana gaskata shi, amma wanda ya yi ta'adi a kan ajiya shi zai biya. To, ajiye kwali a soro ba ta'adi ba ne. Soro shi ne inda muke ajiye kayan da ba na cikin gida ba, kuma ba ta san tangaran ne a ciki ba sai in an faɗa mata.

Wannan hukuncin da ya wanke ta shi ne ya kama ɗan aiken. Malamanmu sun ce wanda aka damƙa wa amana, ya ɗauka ya miƙa wa wani ba da izinin mai ita ba kuma ba don wata larura ba, ya shiga lamuni. Aikin da aka biya kamfanin shi ne ya kai kaya hannunki. Ba ki ce a ba kowa ba. Kira biyu ba a ɗauka ba bai zama izini ba. Yana da hanyoyi a gabansa: ya tura saƙon tes, ya kira mai kayan a Legas, ya mayar da kwalin ofis ya dawo gobe. Ya zaɓi wadda ta fi masa sauƙi. Na san dalilinsa, kuma ina tausaya masa. Yawancin yaran nan ana biyansu ne bisa adadin saƙon da suka sauke, gidajenmu da yawa ba lamba sai kwatance, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane zagaye na biyu daga aljihun wani yake fita. Amma wannan lissafi ne tsakaninsa da kamfaninsa. Idan kamfani ya tsara aikinsa yadda ɗan aike ba zai iya dawowa ba, kamfanin ne zai ɗauki abin da tsarin ya haifar.

Maganar da suke fakewa da ita, wai an sa hannu, ba ta da ƙarfin da suke so ki ɗauka tana da shi. Sa hannun wa? Ba naki ba ne, ba na wanda kika wakilta ba ne. Iyakar abin da takardar ta tabbatar shi ne wata mata ta karɓi rufaffen kwali a rana kaza. Ba ta buɗe ba, kuma ba ta da hurumin buɗewa, saboda haka ba za ta iya shaidar lafiyar abin da ke ciki ba. In kin lura, takardar nan hujjarki ce, domin da hannunsu suka rubuta cewa sun ba wani mutum daban. Abu ɗaya ne zai canza maganar: idan kamfanin irin masu turo lambar sirri ne ta waya, waɗanda sai an faɗa wa ɗan aike lambar yake sakin kaya, kuma ke kika faɗa masa ko kika tura wa maƙwabciyar. Ba ki ambaci haka ba, don haka na ɗauka bai faru ba. Ki sake duba saƙonnin wayarki na ranar. Idan an turo lambar kuma ba wanda ya nema, kin sami hujja ta biyu, sun karya dokar kansu.

Yanzu kwalin. Ina fata ba ki zubar ba, ba ki kuma bari an share fasassun an kai bola ba. Kwali yana ba da labari ga wanda ya tsaya ya duba. Ruwa yana jiƙa kwali, yana iya lalata injin, amma ruwa ba ya fasa faranti. Jiƙewar gindin da ta ja hankalinki zuwa soron maƙwabciya ba ita ta yi ɓarnar da ta fi yawa ba. Ki duba kusurwoyi huɗun. Idan ɗaya ta lotsa ciki sosai kuma fasassun sun taru ta wannan ɓangaren, faɗuwa ce daga sama. Idan saman ne ya danne, an ɗora masa kaya masu nauyi a mota. Idan kuwa kwalin garau yake ta waje amma ciki ya dagargaje, matsalar daga shiryawa take, an jera farantai kan juna ba soso ko takarda a tsakani, suka yi ta gogar juna a hanya. Daga Legas zuwa Kano tafiya ce ta wajen kilomita 1,000, ko ta Ilori da Jebba ko ta Lakwaja da Abuja, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar manyan motoci ta Sabon Gari ya ga yadda ake sauke kaya daga but. Tangaran da aka shirya don ya jure wannan tafiyar ba zai fashe don an ɗauke shi daga soro zuwa gidan da ke jikinsa ba. Ki duba salatif ɗin ma, ko iri ɗaya ne ko an sake liƙewa da wani. Ki ɗauki hoton komai da rana, ta kowane gefe, har da takardar da ke manne mai sunanki da lambar webil, wato lambar da kamfanin ya ba kayan. Injin kuma kada ki jona shi da wuta tukuna, ki bar shi ya bushe sosai.

Kafin ki rubuta wa kowa, ki shiga gidan maƙwabciyarki. Yau, ba gobe ba. Kada ki aiki yara, kada ki tura saƙon murya. Ki yi sallama ki zauna, ki ce mata kin zo ba da haƙuri, ɓacin rai ne ya sa kika yi magana yadda bai dace ba, kuma kin san taimakonki ta yi. Kada ki haɗa da "amma". Abin da ya ƙona mata rai ba ɗaga muryar ba ne kawai. Ta ji kamar kin ce ta ci amana, a gaban 'ya'yanta, kuma shi ya sa ta hana su shigowa, kada gobe wani abu ya ɓace a ce su ne. Kin san hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Ranar bikin nan da kike shiri, gidanta za a shimfiɗa wa baƙi tabarma, tukunyarta za a ara. Kwana biyar ana iya gyara shi da zama ɗaya. In ya kai wata, mazajenku da sauran matan layi sun shiga, kowa da nasa ƙarin.

Kuma ita kaɗai ce shaidarki. Bayan zuciyarta ta sauka, ko a zaman ko washegari, ki roƙe ta ta tuna miki yadda aka yi. Ƙarfe nawa ya zo? Ana ruwan ne ko kafin a fara? A bayan babur ya ɗauro kwalin ko a adaidaita sahu? Da ta ɗaga ta ji ƙarar fasassu a ciki? Ya gaya mata abu ne mai fashewa? Tambaya mafi muhimmanci: me ya ce mata? Da yawansu cewa suke "Hajiya ta ce a ba ki", alhali ba su yi magana da kowa ba. In haka ya faɗa, ƙarya ya yi don ya sauke nauyi, kuma tarihin kiran wayarki zai nuna ba ku yi magana ba.

Daga nan sai mai kaya. Da ita kika ƙulla ciniki, ita kika tura wa kuɗin kawowa, ita ta zaɓi kamfanin. Da ke kika turo naki ɗan aiken ya karɓa a shagonta, da magana ta bambanta, domin daga lokacin da ya karɓa kamar ke kika karɓa. Tunda ba haka aka yi ba, alƙawarinta shi ne kaya su iso miki lafiya, kuma bai cika ba. Wannan ma ya dace da abin da malaman Malikiyya suka faɗa a kan sayen abin da ba ya gaban mai saye, wanda aka saya bisa siffantawa: lamuninsa yana kan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa, sai in an yi sharaɗin akasin haka. Akwai kuma dalili na aiki da ya sa ba za ta ce ki je ki nemi kamfani ta naɗe hannu ba. A wajen kamfanin, ita ce kwastoma. Sunanta ne a matsayin mai aikowa, rasit yana hannunta, kuma yawancin kamfanoni daga mai aikowa suke karɓar neman diyya.

Ki rubuta mata a WhatsApp, kada ki kira, don magana ta zauna a rubuce. Ki sa ranar da kika biya da adadin, ranar da aka kawo, cewa an ba wadda ba ki wakilta ba, da adadin abin da ya fashe ɗaya bayan ɗaya, ki haɗa da hotuna. Ki nemi ta turo miki hoton rasit ɗin kamfani gaba da baya, ta faɗa miki ko ta bayyana musu cewa tangaran ne da kuma kuɗinsa, da ko ta biya inshora. Wannan tambayar tana da nauyi, domin kamfanoni kan rubuta a sharuɗɗansu cewa abin da ba a bayyana darajarsa ba ɗan kaɗan za su biya a kansa. Idan ta ɓoye darajar don kuɗin aike ya yi mata sauƙi, giɓin nata ne. Sannan ki faɗi abin da kike so a fili, ko ta canza abin da ya fashe ko ta dawo da kuɗinsa, ki sa mata rana, mako guda ya isa. In ta ce ai a shafinta ta rubuta ba a dawo da kaya, ki sanar da ita cikin ladabi cewa dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da aibi, kuma rubutun shafi ba ya soke doka.

Kamfanin kuma kada ki tsaya jayayya da yaron da ya kawo, ba shi da abin biya kuma ba shi da ikon yanke hukunci. Ki je ofishinsu na Kano da takarda a rubuce, kwafi biyu, su buga hatimi a ɗaya ki riƙe. Ki nemi su nuna miki inda sharuɗɗansu suka halatta ba wa maƙwabci kaya ba tare da yardar mai su ba. Ki hanzarta da wannan, don wa'adin kai ƙorafi a irin waɗannan kamfanoni gajere ne, kuma kwana biyar sun riga sun tafi.

In duka biyun suka toshe kunne, akwai inda ake zuwa. Hukumar FCCPC ta tarayya, mai kare haƙƙin masu saye, tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet ba tare da kin biya komai ba. Jihar Kano tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye, wadda za ta iya kiran ofishin kamfanin da ke nan, Legas ma tana da tata mai suna LASCOPA, inda mai kayan take. Hukumar gidan waya ta NIPOST ce ke ba kamfanonin aike lasisi, kuma kamfanin da ke da lasisi ba ya son sunansa ya je can. Kano tana da kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi da ba sai da lauya ba, in abin ya kai can. Sau da yawa ba ya kaiwa. Saƙo ɗaya mai natsuwa da ya nuna kin san waɗannan wuraren yakan sa a fara neman sulhu.

Abin da nake so ki yi hattara da shi shi ne tona asiri a Instagram ko Facebook cikin fushi. Na san hannu yana ƙaiƙayi. Amma a 2023 'yan sanda sun kama wata mata a Legas kan abin da ta rubuta a Facebook game da wani tumatirin gwangwani, aka gurfanar da ita ƙarƙashin dokar laifukan intanet. In har za ki rubuta, ki tsaya kan abin da ya faru da abin da kike da hotonsa. Kada ki ce ɓarauniya, kada ki ce 'yar damfara.

Maigidanki kuma bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Ina jin abin da yake gudu shi ne rigima da gidan da yake haɗa sahu da mai shi a masallaci, kuma a nan yana da gaskiya. Ki gaya masa kin bar wa Allah ɓangaren maƙwabciya, har kin je kin ba da haƙuri, amma neman haƙƙi a wajen wanda aka biya ya yi aiki bai yi ba, ba ya cin karo da tawakkali. Ki roƙe shi abu biyu: ya yi wa mijinta godiya bayan sallar magariba, ya kuma raka ki ofishin kamfanin.

Kada ki jingina bikin da wannan maganar. Neman diyya yana iya wuce wata guda. In mai kaya ta ce za ta aiko da madadin abin da ya fashe ke ki biya kuɗin mota, ni dai zan karɓa, da sharaɗin ta ɗauki bidiyon shiryawar ta turo, kuma a ajiye a ofis ki je ki buɗe a gabansu. In ta tsaya ja, ki ƙirga abin da ya tsira, ki shiga kasuwar Sabon Gari ki cike gurbin da abin da ya yi kama, inda za a buɗe kwali a gabanki ki duba ɗaya bayan ɗaya, ki ci gaba da bin kuɗinki a hankali. Nan gaba kuma, tunda aikinki ba ya barin ki ɗaukar waya, ki riƙa sa adireshin makaranta ko ki ce a bar miki a ofishinsu. In dole sai gida, ki nemi yardar wanda zai karɓa tun kafin ranar, ki tura wa mai kaya sunansa da lambarsa, ki ce ban da shi kada a ba kowa.

Saura abu ɗaya da na san yana ranki ko da ba ki rubuta ba. Yaran ne suka ɗauko kwalin, kuma gindinsa a jiƙe. Yana yiwuwa bayan kun shirya ta ce miki, cikin kunya, ya suɓuce musu a hanya, ko ƙaraminsu ya hau kai a soro. In ta faɗi haka, ta faɗa ne don ta yarda da ke, kuma wataƙila ta ce za ta kawo wani abu. Ko a nan shawarata kada ki karɓa. Idan an tsananta bincike ana iya samun ɗan sakaci a ba wa yara kaya masu nauyi, amma ba ta san abin da ke ciki ba, ba ta nemi a kawo mata ba, kuma duk abin da za ta haɗa miki daga kuɗin cefanenta zai fito. Sai dai gaskiya ta hau kanki daga nan. Ba za ki ce wa kamfani a fashe suka kawo ba alhali kin san wani ɓangare a nan ya fashe. Ki faɗa musu yadda aka yi, ki tsaya kan abin da bai canza ba: an biya su su kawo hannunki, suka kai wani gida ba da izininki ba, kuma a can kayan suka lalace. Mai yiwuwa abin da za ki samu ya ragu, ya koma rabi ko kuɗin kawowa kawai. Ki karɓi abin da ya samu a rubuce, ki sa hannu da kanki.